Shekarar da Aka Raba Mini Kwano

Har na kai shekara ashirin da biyu, na yi imani cewa ana gane zurfin ilimin mutum daga yadda harshensa ke juya Turanci. Wanda ya furta kalma yadda Baturen Ingila ke furta ta, a wurina shi ne wayayye. Wanda harshensa ya karkace kuwa, ko me ya sani, a baya nake ajiye shi. Ban ɗauki wannan a matsayin ra'ayin da za a iya musu a kansa ba, na ɗauke shi ne kamar yadda na ɗauki cewa jirgin Fatakwal ta Kafanchan yake ratsawa. Ina rubuta muku wannan ne, 'ya'yana, saboda abin da ya faru a falo a hutun da ya wuce, ranar da na same ku kuna kallon fim ɗin mutanen Sin, kuna kwaikwayon maganarsu kuna dariya, na kashe talabijin ban ce komai ba. Kun gaya wa mamanku cewa Baba ya cika tsanani. Ba tsanani ba ne. Wata kunya ce ta shekara ashirin da takwas ta taso mini, kuma ya kamata ku san inda ta samo asali.

A lokacin shekara biyar ke nan da ƙarewar yaƙin basasa. Ina koyar da Turanci a wata sakandaren mishan da ke bayan gari, ina jiran gurbin ƙarin karatu, kuma ina zaune a gidan iyayena. Kakanku, Baba Yohanna, fita ne, wato makaniki, a Loko, inda ake gyaran kawunan jiragen ƙasa, kuma dattijo ne a ikilisiya. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo yana saurayi, bai san Hausa ba sai ta gaisuwa. Hausar da ya koya cikin ƙarar guduma ta ishe shi aiki da ciniki da jagorantar addu'a, amma ba ta raba namiji da mace. Zai ce, "Mamanka ya tafi kasuwa," ni kuwa in ce, "Ta tafi, Baba." Ko da baƙi a wurin sai na gyara. Shi kuma ya ce, "To, Ticha, na ji," ya ci gaba da maganarsa yadda ya saba. Kakarku, Mama Saratu, Hausarta ta kasuwa ce kawai. A gida yarenmu take yi. Ina jin duk abin da take faɗa, amma da Hausa nake ba ta amsa. A makarantar kwana, duk wanda aka kama yana yare, wani guntun katako ake rataya masa a wuya har sai ya kama wani. Shekara biyu ina shugaban aji, kuma ni nake ratayawa. Kafin in gama makaranta yaren ya yi nauyi a bakina, na kuma ɗauki wannan nauyi a matsayin ci gaba.

Akwai wata al'ada a gidanmu da sai kun fahimce ta sannan za ku gane sauran labarin. Baba ba ya cin abinci shi kaɗai, kuma ba ya ci da yara. Akwai wani babban kwano mai murfi, wanda fentinsa ya ɓare a gefe ɗaya. A cikinsa ake zuba masa tuwo, kuma ɗan da ya ga ya zama mutum ne kawai yake kira ya sa hannu tare da shi. Ranar da na dawo da takardar gama makaranta, bai karɓi takardar ba. Cewa ya yi, "Wanke hannu." Wannan kalma ta fi mini takardar daraja, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wata ranar Asabar a farkon damina, fasto ya shigo gidanmu da wani baƙo daga tasha. Gajere ne, siriri, mai tabarau, yana riƙe da jaka ɗaya da rikoda mai faifan zare a rataye a kafaɗa. Fasto ya ce sunansa Nakamura, daga wata jami'a a ƙasar Japan ya zo, yana so ya koyi yarenmu ya rubuta shi, kuma yana neman gidan da ake yin yaren safe da yamma. Baƙon ya haɗa ƙafafunsa ya sunkuyar da kai har kusan gwiwa. Mama ta gwada sunan sau biyu, ta girgiza kai, ta ce da Baba cikin yare:

"Wannan suna ya yi tsawo, kafin in kira shi tuwo ya huce. Ranar Asabar ya zo, Sati ne."

Sati ya zama, har a coci. Aka share masa ɗakin yayana da ke aikin soja a Kaduna. A yammacin farko Baba ya dube shi ya dube ni, ya tura kwanon tsakiya, muka zama mu uku.

Yadda yake aiki ya ba ni mamaki, kuma a lokacin ya ba ni dariya. Ba ya neman masu ilimi. Wurin dutsen niƙa yake zuwa ya zauna a kan turmi da aka kife, Mama tana niƙa tana faɗar kalma. Ba zai maimaita kalmar nan take ba. Sai ya rufe ido, ya yi ta da fito, hawa da saukar muryar kawai, har sai Mama ta ce ya yi daidai, sannan ya saka mata baƙaƙe. Mama takan ce da maƙwabta ta samu tsuntsu mai tabarau. Cikin wata uku yana tambayar ta kuɗin daddawa da yare, yana gaida tsofaffi yadda ya kamata, yana rage murya inda ake ragewa. Turawan mishan da suka yi shekara talatin a ƙasarmu ba su taɓa jin wannan hawa da sauka ba, kuma mun saba da yi musu uzuri. Ni ban ga wannan duka ba. Abin da na gani shi ne Turancinsa: ba ya raba "l" da "r", kuma kowane baƙi sai ya manna masa wasali a baya.

Baba kuwa wannan ne ya haɗa su. Wata rana Mama ta aiki Sati ya miƙo bokiti, ya ɗaga shi ya ce a ƙasarsu "baketsu" ake cewa. Baba ya ajiye lomarsa ya buga cinya.

"Tebur fa?"

"Teburu."

"Rediyo?"

"Rajiyo."

"Maman Ishaku, zo ka ji!" in ji Baba, wanda da sunana yake kiran Mama. "Ashe mu da su duk wajen Bature ɗaya muka yi aro. Kowa ya kai gida ya yanke daidai bakinsa, kamar wandon gwanjo."

Suka yi ta dariya su uku. Ni na ce, "Zo ki ji, Baba," ba wanda ya saurare ni. Daga ranar, idan Baba ya dawo daga Loko, sukan zauna a gindin mangwaro suna haɗa Turancinsu biyu, kuma suna fahimtar juna fiye da yadda kowannensu ke fahimtar Turancina. Yau na yarda cewa kishi na ji. A lokacin na kira shi kunya.

Shugaban makarantarmu wani Baturen Ingila ne, Mista Wilkin. Ba mugu ba ne. Shi ya koya mini son littafi, kuma ya yi mini alkawarin takardar shaida zuwa wata kwaleji a ƙasarsu. A bangon ofishinsa akwai wani dogon ƙyalle mai rubutun mutanen Gabas, wanda yake alfahari da shi ko da yake bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Yakan ce rubutunsu ado ne, amma maganarsu hayaniya ce, kuma Allah bai ba su harshen da zai iya Turanci ba. Da ya ji cewa ɗan Japan yana gidanmu, sai ya ce in nuna masa yadda yake magana. Na nuna. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Na sake yi a ɗakin malamai, aka yi dariya. Da ranar raba kyaututtuka ta matso, wadda a al'ada ake rufe ta da wasan ban dariya, Mista Wilkin ya ce ba sai an nemi wani wasa ba, ga shi a hannu.

Na shirya wasan ni kaɗai. Na sa tabarau, na rataya kwali a kafaɗa a madadin rikoda. In na juya dama, ni ne ɗan Japan mai sunkuye-sunkuye yana tambaya. In na juya hagu, ni ne wani tsohon ɗan ƙauye da yake amsa masa da karyayyar Hausa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wannan tsoho ba kowa ba ne, ƙirƙira ce kawai. Amma na san inda na samo "zo ka ji", na san inda na samo buga cinya. Ban ƙirƙiri komai ba, daga bakin kwano na kwaso.

Ban yi tsammanin Baba zai zo ba, domin ranar aiki ce. Ashe ya nemi izini, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa sujada, ya kawo baƙonsa ya ga ɗansa a kan dandamali. Suna layi na huɗu. Na gan su tun kafin in fara, kuma na fara. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Zauren ya ɗauki dariya, ɗalibai suna buga benci, Mista Wilkin yana share hawaye. Sati ma ya yi murmushi, da na gama ya tafa hannu a hankali. Baba bai tafa ba. Ya tashi, ya sa hularsa, ya kama hannun Sati kamar yadda abokai ke yi, suka fita ta tsakiyar jama'a.

Da yamma na ji ƙamshin miyar karkashi, na fito na nufi gindin mangwaro. Mama ta tare ni da wani ƙaramin kwano irin na yara.

"Ticha, ga naka. Babanka ya ce a kai maka ɗaki."

Na hango su biyu, babban kwanon a tsakaninsu. Baba bai ɗago ba. Bai zage ni ba, bai hana ni gaishe shi ba. Da safe in na durƙusa yakan amsa, ya tambayi makaranta. Kwanon kawai ya raba. Kwana tara ina cin tuwo a gefen gado, ina jin muryoyinsu ta taga. Na tsara hujjoji iri-iri: wasa ne, kowa ya yi dariya, shi kansa baƙon ya tafa. A kwana na huɗu na kai wa Mama waɗannan hujjoji a wurin niƙa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce da yare:

"Ka san shekarar da babanka ya fara aiki a Loko? Akwai wani akawu da yake kiran sa ofis kullum ranar biya, ba don komai ba sai don ya sa shi magana mutane su yi dariya. Ya dawo gida ya ce mini, Saratu, in Allah ya ba mu ɗa, zan sa shi makaranta har ya fi akawun nan Turanci. To, ga shi ka fi shi. Har dariyar ma ka fi shi iyawa."

Na tambaye ta yadda zan yi.

"A ƙauye, wanda ya kunyata baƙon gida kaza yake kawowa, ya durƙusa gaban dattawa ya faɗi laifinsa da bakinsa. Babanka ya ce ba zai ji shi da Turanci ba, ba zai ji shi da Hausa ba. Sai da harshen da ka sha a nono."

"Mama, kin san bakina ya yi nauyi."

"Ga turmi nan," ta ce, ta nuna wurin zaman Sati. "Tsuntsuna yana zuwa da safe, kai ka zo da yamma. In ya so ka yi fito kai ma."

Haka na zauna a kan turmin nan kwana biyar, malamin Turanci, ina maimaita jimla huɗu bayan uwata. Tana cewa, "A'a, nan sama za ka kai, ka sauke a can. Kai, Sati ma ya fi ka kunne." Ba ta faɗa da mugunta ba. Wani lokacin ma sai ta shafa kaina da hannunta mai gari.

A cikin makon ne Mista Wilkin ya kira ni ofis. Ya ce wasu Turawa za su zo daga Jos ranar Asabar, ya ba su labarin wasana, kuma ɗaya daga cikinsu yana da faɗa a ji a kwalejin da nake nema. Yana so in je kulob ɗin Turawa da la'asar in sake yi musu. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar da Baba ya sa wa dattawa. Zan iya roƙon a ɗaga ta zuwa Lahadi, kuma na tsaya a gaban teburin nan ina lissafa hakan. Ba zan yi muku ƙaryar cewa zuciyata ta tsarkaka nan take ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne na hango kaina ina juyawa hagu a gaban baƙi, ina buga cinya. Na ce masa ba zan iya ba, domin mutumin baƙon mahaifina ne. Ya ce yadda na ga dama, wasa ne kawai, bai san mun ɗauke shi da zafi haka ba. Ya rubuta takardar shaidar kamar yadda ya alkawarta. Ban sami gurbin ba. Shekaru da yawa ina ɗora wa wannan Asabar laifin rasa Ingila. Yanzu ina ganin mai yiwuwa waɗanda aka ɗauka sun fi ni cancanta ne kawai. Ban sani ba, kuma na daina neman sani.

Ranar Asabar da la'asar dattawa biyu daga coci suka zauna a gindin mangwaro, Baba a gefe, Sati a kan kujerar baƙo. Matan maƙwabta suka taru a bayan zana kamar masu tsintar shinkafa. Na zo da jan zakara a ɗaure, na durƙusa, na fara. Jimlar farko ta fita lafiya. A ta biyu muryata ta hau inda ya kamata ta sauka, na ji wata mace ta fashe da dariya a bayan zana, wata ta ce mata shiru, ita ma tana dariya. Na san abin da nake so in faɗa, yana nan cikakke a kaina, amma harshena ya ƙi ɗaukarsa, kuma mutane suna jin harshen ne, ba kan ba. A wannan minti ɗaya na koyi abin da jami'a ba ta ƙara mini komai a kansa ba. Na ƙarasa da ƙyar. Ba wanda ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Sati ya tashi daga kujera ya durƙusa a ƙasa daidai da ni, ya karɓi zakaran da hannu biyu. Ya amsa da yarenmu, a hankali, yana jan ƙarshen magana irin na Mama, har ɗaya daga cikin dattawan ya kasa daurewa ya ce:

"Kai, jama'a! Saratu ce ke magana a bakin namiji."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ci gaba. Abin da ya ce, gwargwadon yadda zan iya mayar da shi Hausa, shi ne:

"Yayana Ishaku, na yi karatu shekara biyu a ƙasar Turawa. Yara a cikin bas sun yi mini wannan, malamai ma sun yi. Nawa na saba, kuma ka iya shi sosai. Amma muryar tsohon nan ta yi mini ciwo, domin na san mai ita. Shi ya fara ce mini in wanke hannu a ƙasar nan."

Na girme shi ne? A'a, ya ba ni shekara goma. Amma a gidan na riga shi zuwa, don haka yake kira na yaya. Na juya da gwiwoyina na fuskanci Baba. Wannan ba ya cikin jimlolin da na koya. Na haɗa abin da zan iya haɗawa, a karkace, na ce na ɗauki muryarsa na sayar da ita don a tafa mini, kuma tun kafin wannan na daɗe ina jin kunyarta. Baba ya gyara zama. Sannan ya yi magana da Hausa, irin tasa, ina jin don kowa ya ji:

"Kaza na baƙo ne, ya karɓa. Maman Ishaku, tuwo ya yi? To ka kawo babban kwano."

Ya dube ni.

"Ticha, wannan yare naka yana buƙatan gyara a Loko. Tashi ka wanke hannu."

Sati ya zauna da mu har bayan Kirsimeti ta biyu. Ranar tafiyarsa Mama ta raka shi tasha da ƙullin gyaɗa da daddawa, ta ce ya gaya wa uwarsa an ciyar da shi. Bayan wata shida ya aiko da faifai uku ta gidan waya. Su ne waɗanda kuke gani a akwatin ƙarfe a ɗakina, kuma nan ne kawai muryar kakarku ta rage a duniya. Na tafi jami'a a Zariya, na sauya daga Turanci zuwa nazarin harsuna. Baba ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan Asabar. A cikinsu ban sake gyara masa ko kalma ɗaya ba, kuma da yarenmu muke gaisawa.